Tulif na Daji da Yadda Ake Kula da Shi a Lambu

Tulif na daji shi ne kakan furen tulif da ƙasar Holan ta yi suna wajen nomansa. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne, musamman Tien Shan da Pamir, inda hunturu ke da tsananin sanyi, a lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Gajere ne, kuma daga kai irin na albasa yake tsirowa.

A Turai ana binne kawunan tsakanin Satumba da Nuwamba, a zurfin da ya ninka tsawon kan sau uku, cikin ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Sai kan ya sha sanyi na kimanin mako 12 kafin ya yi fure, galibi daga Maris zuwa Mayu.

Datsarsa kaɗan ce. Idan fure ya yi yaushi, akan tsinke shi domin kada ƙarfin shukar ya ƙare wajen yin iri. Mai son ta yaɗu yakan bar irin ya zuba, sai dai tsiron kan yi shekara 4 ko fiye kafin ya yi fure.

Ganyen kuwa ba a taɓa shi sai ya yi rawaya, wajen mako 6 bayan fure, domin ta hanyarsa kan ke tara abincin baɗi. Wanda ya yi gaggawar yanke shi, da wuya ya ga fure a shekara mai zuwa. Daga nan akan daina ban ruwa, saboda damshi a lokacin zafi yana ruɓar da kan.