Dawowar Ƙwayoyin B Bayan Jinyar CAR-T a Cutar Lupus: Me Ya Hana Cutar Komowa?

Gabatarwa

Tun da hukumar FDA ta Amurka ta amince da Kymriah a Agustan 2017 don sankarar jini ta yara, likitocin sankara suka tafi a kan cewa nasarar CAR-T na tattare da daɗewar ƙwayoyin a jiki. Ana ɗebo ƙwayoyin T na majinyaci, a dasa musu mahaɗin da ke gane alamar CD19, a mayar da su jiki su farauci ƙwayoyin B. Wannan maƙala na nuna cewa ma'aunin daɗewa bai dace da lupus ba, cutar da garkuwar jiki ke kai wa jiki hari.

Masu ja da amfani da CAR-T a lupus suna cewa maganin rituximab ne kawai aka ƙara wa ƙarfi. Hujjarsu ita ce rituximab ma ƙwayoyin B take kashewa, kuma ta gaza a gwaje-gwajen EXPLORER da LUNAR da aka yi a kan masu lupus. Amma sun ɗauki jini a matsayin madubin jiki duka, kuma nan suka yi kuskure. Rituximab na share jini ta bar ragowa a kaluluwa, inda cutar ke samun mafaka. Naman kaluluwa da aka yanko aka duba bayan CAR-T ya nuna babu ƙwayar B ko ɗaya.

Hanyar bincike

An nazarci rahotannin ayarin Georg Schett na Jami'ar Erlangen a Jamus, daga 2021 zuwa 2024, an kwatanta su da na sankarar jini.

Sakamako

Rahoton 2024 ya ƙunshi majinyata 15: 8 masu lupus, 4 masu cutar ƙandarewar fata da gaɓɓai, 3 masu kumburin tsoka. Dukkansu sun ajiye magungunan danne garkuwar jiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙwayoyin B sun dawo, bayan kimanin kwana 112 a matsakaici. A sankarar jini, irin wannan dawowa da wuri alama ce mai tayar da hankali, domin tana nufin ƙwayoyin CAR-T sun ƙare, sankara na iya biyo baya. A lupus kuwa sun dawo, cutar ba ta biyo su ba. Da aka duba su, sababbi ne fil, ba su taɓa koyon kai wa jiki hari ba, kamar gonar da aka share ta fito da sabon tsiro. Sinadaran da ke afka wa DNA sun ɓace daga jinin masu lupus. Kariyar rigakafin da aka yi musu tun da kuma ba ta rushe ba, saboda tsofaffin ƙwayoyin da ke riƙe da ita a ɓargo ba su cika ɗauke da CD19 ba. Ke nan zurfin sharar ne ya yi aikin.

Iyakokin bincike

Adadin kaɗan ne, daga cibiya ɗaya, babu rukunin kwatanci. An kuma bai wa kowa fludarabine da cyclophosphamide kafin jinyar, ko da yake wasu daga cikin masu lupus ɗin sun sha irin waɗannan magunguna masu ƙarfi a baya ba su warke ba. A Janairun 2024 FDA ta buƙaci a sa gargaɗin sankarar ƙwayoyin T a kan magungunan CAR-T.

Wannan gargaɗi ma yana ƙarfafa matsayinmu. Ya kamata masu ƙera CAR-T don lupus su nemi ƙwayoyin da za su yi shara mai zurfi su gushe da wuri.