Makaranta, Haya da Matsugunin Iyali a Birnin Gwari

A masarautar Birnin Gwari, wadda take yammacin jihar Kaduna tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, gona ce ta daɗe tana zaɓa wa magidanci inda zai zauna, domin ƙasar noma tana da yalwa, muhalli kuwa ba da kuɗi ake samunsa ba: saurayi yakan yi aure a gina masa ɗaki a gidan gandu, wato gidan da uba da 'ya'yansa suke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya. Karatu bai shiga wannan lissafi ba, tunda makarantar allo tana zauren malamin unguwa, wanda aka so ya yi zurfi kuma a haɗa shi da malami ya tafi.

Hanyar mota ce ta fara sauya tsarin. Da sabon gari ya bunƙasa a bakin titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Tegina da Legas, sai fada da kasuwa da ofisoshi suka tattaru can, tsohon mazaunin da ke hanyar Funtuwa ya koma ana kiransa Tsohuwar Birnin Gwari. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka, amma sakandare ta tsaya a manyan garuruwa, saboda haka manomin Randagi ko Kuyello yakan kai ɗansa makarantar kwana, ko ya ba ɗan'uwa riƙonsa a cikin gari tare da buhun masara, shi kuwa yana nan kan gonarsa. Yaro ne yake tafiya a wancan zamani, gida bai motsa ba.

Dajin da En'e ta keɓe a 1936, wanda ya zama gandun dajin ƙasa na Kamuku a 1999, shi ne ya rushe wannan dabara bayan ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, daga baya kuma masu garkuwa da mutane. An kashe masallata a Dogon Dawa a 2012, an yi kisan gilla a Gwaska a 2018, sannan a Maris na 2021 aka sace malamai uku a firamaren Rama, wata guda bayan kwashe ɗaliban Kagara a jihar Neja. A Maris na 2024 aka kora yaran Kuriga, da ke kan hanyar Kaduna, zuwa cikin daji, aka dawo da 137. Daga nan makarantar kwana, wadda a da ita ce rufin asirin talaka, ta zama abin tsoro, uban da yake son ɗansa ya yi karatu kuma ya ga ba makawa sai ya kwashe iyalin duka.

Kuɗin haya ne ya tantance nisan da kowa zai iya kaiwa. Ma'aikaci da ɗan kasuwa mai ƙarfi suka nufi Kaduna, inda mai gida yake karɓar kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin makarantar kuɗi da ta Islamiyya kowane zango, abin da ya sa da yawa suka sauka a unguwannin gefe irin su Rigasa. Mai matsakaicin hali ya sayar da shanun huɗa ya kama ɗaki da falo a cikin Birnin Gwari, inda cunkoso ya ɗaga farashi. Wanda ba shi da ko ɗaya ya rakuɓe a zauren dangi ko a ajin firamare, aka jingine bencina jikin bango aka shimfiɗa tabarmi, har makarantar da ake nema wa yaro ta zama ɗakin kwanansa.

Sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta Uba Sani ta ƙulla da masu garkuwa da mutanen a Nuwamba na 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, ya mayar da manoma gonakinsu, sai dai komawar ba ta zo ɗaya da fitowar ba. Magidanci yakan koma ƙauye da damina shi kaɗai, ya bar matarsa da yara a ɗakin haya kusa da makaranta, yana aiko musu da hatsi a motar ranar kasuwa.