Juji a Cikin Kududdufi: Barazana ga Ruwan Rijiya a Dutsin-Ma da Kurfi

Wannan maƙala tana kafa hujja cewa haɗarin juji ga ruwan ƙarƙashin ƙasa a Dutsin-Ma da Kurfi ya fi rataya a kan wurin da ake zuba shara, ba a kan yawanta ba. Garuruwan biyu suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen kashinsa na sama. Daga wannan siririn kashi mafi yawan rijiyoyin gida suke ɗiba. Ƙasar da ke samansa ita ce matacinsa, kuma ita ake haƙewa don yin tubali. Ramin da aka bari ya zama kududdufi, kududdufin kuma ya zama bola. Ke nan an cire matacin, an zuba dattin a gurbinsa. Da damina ta kankama, tsakanin Yuli da Satumba, ruwan ƙasa yana tasowa har ya kusanci gindin ramin, ruwan sama kuma ya jiƙa ruɓaɓɓen abinci, da kashin dabbobi, da matattun batura, ya tsiyaye ƙasa da abin da ya narkar. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, gidaje sun yi ta matsowa bakin irin waɗannan ramuka.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha a bayyane yake: naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma miligiram 0.01, sannan kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100. Babu ɗaya daga cikinsu da ido yake gani, shi ya sa garai-garai ɗin ruwa ba shaida ba ce. Jariri ne ya fi shan wuya, domin naitiret yana hana jininsa ɗaukar iskar oksijin.

Za a iya cewa masai ya fi juji laifi. Akwai gaskiya a ciki, musamman game da naitiret da ƙwayoyin cuta. Sai dai ba a san masai da kawo dalma ko kadmiyam ba. Inda suka bayyana tare da gishirin kulorayid, suna raguwa gwargwadon nisa daga bola, to yatsa ya nuna ta. Wasu kuma sun dogara da zurfin rijiyar burtsatse. A wannan dutse zurfi ba kariya ba ne, domin tsaga ba ta tace ruwa, wucewa kawai yake yi ta cikinta, kuma rijiyar burtsatsen da ba a liƙe wuyanta da siminti ba ita kanta hanya ce. Saboda haka binciken da ya ɗebi samfuri da rani kaɗai, ko ya auna nisa bai duba gangaren ruwa ba, zai iya wanke jujin da yake gurɓata rijiyoyin unguwar da ke ƙasa da shi.