Yadda Hoton Doki Ya Hau Bangon Katsinawa

Tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin kundin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, mahawara ta taso a majalisun Katsina game da abin da muka adana na dawakinmu, har wasu suna kafa hujja da mutanen Amurka, waɗanda suke tara tsofaffin zanen dabbobi da na farauta suna biyan dukiya mai yawa a kansu. Lalle haka ne, domin littafin tsuntsaye na Audubon, wanda aka buga tsakanin 1827 da 1838 da zane 435, an sayar da kwafinsa ɗaya a Landan a 2010 kan fiye da dala miliyan 11. Amma su sun soma ƙaunar waɗannan surori ne a sa'ad da dajinsu yake ƙarewa, har ɓaunansu da suke miliyoyi suka koma kimanin dubu ɗaya a 1889.

A ƙasar Hausa an daɗe ana surar dabba, ga shanun da aka zana a duwatsun Birnin Kudu. Daga baya kuma doki ya koma cikin kirari da waƙar makaɗan fada, aka bar bango ga zayyana.

Masu cewa addini ne ya hana mu surar doki sun gajarta bincike, domin fukaha'un Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan garin nan tun kafin zamanin malamai Ɗan Marina da Ɗan Masani, sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, wadda suka haramta, da wadda take shafe a kan takarda ko tufa, wadda hukuncinta bai wuce karhanci ba. Masu jingina shigowar hoto ga makarantar boko su ma ban yarda da su ba, domin Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 malamai aka nufe ta da yayewa, ba masu zane ba.

A nawa nazarin, ta ƙofar fada hoto ya shigo, kuma doki ne ya ɗauko shi. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya tafi aikin Hajji a 1921 ya kuma ziyarci Ingila, a cikin shekarun nan ne ya kafa wasan folo a Katsina, ya hora 'ya'yansa da fadawansa a kansa. Kuma da yake Turawan mulki sukan zo fili da na'urar ɗaukar hoto, sai ya zama idan an ci gasa akan tsaya a ɗauki mahaya da dawakinsu da kofin a gabansu. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya riƙe sarauta har 1981, ya shahara a wasan har ƙasashen waje, Janar Hassan Usman Katsina ya bi sahunsa, kuma abin da Sarki ya rataya a ɗakinsa ba talakan da zai ji nauyin ratayawa a zaurensa.

Wanda ya shiga tsofaffin gidajen da ke kewaye da Ƙofar Soro zai iya cin karo da irin waɗannan hotuna: hoto ya yi ja don tsufa, gilashi ya tsage, ga akawali ya sha jalala da ɗan kai, mahayi ya naɗa rawani ya riƙe linzami gam, amma idan aka juya bayansa babu sunan doki, babu na mahayi, babu shekara, ga gara ta soma cin gefe. Wannan shi ne abin da yake damuna ƙwarai, domin dattawan da za su duba su ce wannan wane ne, wannan kuma dokin da aka sayo daga Chadi ne, kullum raguwa suke yi. Ginin tsohuwar Kwalejin yanzu gidan tarihi ne, kuma ya dace magada su kai nasu a kwafa, a zaunar da tsofaffin barorin dawaki da 'yan folo su faɗi sunaye, a rubuta a ƙarƙashin kowane hoto.