Dambe da Yadda Iliminsa ke Bin Hanyar Fatauci

Dambe, wato gwajin ƙarfi da ake yi da hannu ɗaya naɗe da zare, wasa ne da tarihi ya jingina ga mahauta, waɗanda kan zaga ƙauyuka bayan kaka suna yanka a bukukuwa, suna kuma karawa da samarin garin da suka sauka. Ba a rubuta dabarunsa a littafi ba, sai dai an adana su a jikin mutane da kuma cikin sunayensu. Yaron da ke son shiga fage yakan raɓi wani babban ɗan dambe ya zama ubangidansa, ya riƙa ɗaukar masa kaya yana naɗa masa zare, har ya koyi yadda ake miƙa hannun karewa gaba a ɓoye na duka a baya, da yadda ake haƙuri har abokin karawa ya saki jiki. Idan ya ƙware sai a kira shi Shagon wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake duka, ta yadda sunansa kaɗai ke shaida wa 'yan kallo gidan da ya fito da irin salon da za su gani.

A saman wannan akwai ɓangarori, irin su Kudu da Arewa da Guramada, waɗanda kowane ɗan wasa ke tsayawa ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, sannan akwai makaɗa, waɗanda su ne ma'adanar tarihin wasan, domin kalangu da kirari ke riƙe da labarin wanda ya yi kisa, wato ya kai abokinsa ƙasa, da turmin da abin ya faru. Waƙoƙin makaɗi Ɗan Anace ne suka sa sunan ɗan damben nan Shago bai gushe a bakin Hausawa ba.

Tsarin da ya ba irin wannan ilimi damar tsallaka kogin Kwara shi ne na zango, wato unguwar da fataken Hausawa ke sauka, kuma Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, na daga cikin misalansa da aka fi nazarta. Masani Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro a unguwar ya dogara ga maigida, mutumin da ke sauke baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa kan bashin da mahautan Yarbawa ke ɗauka. Dangantakar maigida da yaransa ba ta da wani bambanci mai yawa da ta ubangida da shagonsa, tun da duka biyun amana ce ke riƙe da su, kuma baƙon da ya iso daga Arewa, ko falke ne ko ɗan wasa, ta wannan ƙofa yake samun masauki.

Dambe ya samu wata sabuwar hanyar yaɗuwa a 2017, lokacin da aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube daga Legas, inda aka shiga ɗora hotunan bidiyo na wasanni da mutane ke kallo daga ƙasashe da dama. Bidiyo na adana motsin hannu da ƙafa fiye da yadda kirari zai iya, amma ba ya nuna shekarun da yaro ya yi yana bin ubangida, kuma har yanzu da sunan gidan da ya horar da ɗan wasa ake shelanta shi a fage.