Daga Mabuga Zuwa Dutsen Guga

Akwai maganar da ake yawan yi idan aka taɓo tarihin wanki da guga a ƙasar Hausa, wai Turawa ne suka zo da sana'ar, kafin su Bahaushe bai san ya biya wani ya gyara masa tufa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin dutsen guga na ƙarfe da bula da garin sabulu na kanti duk baƙi ne. Sai dai mai wannan magana kayan aiki ya kalla, ya bar aikin. Ni a ganina sana'ar ta girmi dutsen guga nesa ba kusa ba, sunanta na fari bugu, kuma ƙasar Magariya da Dungas tana tsakanin Kano, garin da ya fi ko'ina iya bugun, da kasuwannin da suka fi ko'ina sayen abin da aka buga.

Wanda ya taɓa wucewa ta mabuga ya san ƙararta tun kafin ya gan ta. Gungumen itace ne mai santsi a kwance a ƙasa, mutum biyu na zaune suna fuskantar juna, kowa da mabuginsa mai nauyi. A ninke tufa, a yayyafa mata ruwa, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ba wanda ke shiga bugun ɗan'uwansa, har zare ya kwanta ya ɗauki sheƙi. Idan baƙin rini ne, sai a barbaɗa garin shuni a buga shi ya shige jikin yadin, abin da ya ba rawani ɗan Kura da turkuɗi da rigar kore ƙyallin da ke tashi a rana. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ƙasar ke saƙawa ta sayar waje a shekara da aƙalla wuri miliyan 300, ya kuma ce ana kai su har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Ayarin da ya nufi arewa da wannan kaya Damagaram yake yada zango, musamman a zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, lokacin da ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Waca da Miriya, ke ƙarƙashin inuwar Damagaram. Buzun da ya sayi rawani a Agadas, rabin kuɗinsa ƙyalli ya saya, kuma ƙyallin nan gumin mai bugu ne.

Za a iya cewa ai bugu ƙarshen aikin rini ne, sabon yadi ake yi wa, don haka ba shi da dangantaka da wankin tufar da aka riga aka sa. Wannan rabin labarin ne. Babbar riga a wancan zamani dukiya ce: sarki na yin kyauta da ita, ana raba ta a gado, aikin aska takwas da ke ƙirjinta kan ci watanni a hannun maɗinki. Irin wannan riga ba a dirza ta a bakin rijiya a shanya a ɗauka. In ta yi dauɗa a wanke ta a hankali, in ta koɗe a mayar da ita marina, daga nan kuma mabuga, a biya lada. Har gobe a Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwar marinarta da 1498, mutane na kai shaddar da aka wanke a buga musu. Ke nan tun da can akwai gwanin da ake miƙa wa tufar da aka sa, a tafi a bar masa amana, a dawo a karɓa ta koma kamar sabuwa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu cewa Turawa ne suka zo da sana'ar ita ce ta bariki, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, ta zama hedikwatar mulkinsu har 1926 da aka koma Yamai, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903. Da su aka samu boyi mai wanki, da kakin soja da na ɗan sanda wanda ba ya karɓuwa sai da kari a tsaye. A nan aka samu sabon ma'aunin kyau: Bature kari yake nema, layi miƙaƙƙe daga ƙugu zuwa idon sawu, alhali Bahaushe sheƙi yake nema da taurin da zai sa riga ta tsaya a kafaɗa. Amma ba gidan Bature ne ya yaɗa sana'ar cikin gari ba, domin Turawan ba su da yawan da za su riƙe ta. Jirgin ƙasa ne da ya iso Kano a 1911, da kuɗin gyaɗa, wadda ƙasar Magariya ta yi suna wajen nomanta, da farin yadi mai araha da ya sa talaka ya mallaki riga fiye da ɗaya. Garuruwa suka cika da maza marasa iyali a kusa, leburori da 'yan koli da ma'aikata. A ƙauye wanki aikin cikin gida ne, to amma wa zai yi wa baƙo? Sai ɗan ci-rani ya tarar da gurbi, kuma matasan ƙauyukan kan iyaka, masu tsallakawa ta Babban Mutum ko Maigatari da zarar an kai amfanin gona rumbu, suna cikin masu cike shi har yau. Jarin bai wuce bokiti da sabulu da igiya da dutsen guga ba. Gwanintar ce mai tsada: ya buɗe murfin dutsen ya zuba garwashi, ya kaɗa shi a iska har ya kama, ya goge gindinsa a tsumma don kada toka ta ɗiga kan farar riga, ya yayyafa ruwa da yatsu kamar yadda mai bugu ke yi, sannan ya riƙe a ka wace riga ce ta wane cikin kayan gida ashirin.

Mai shakkar cewa rabuwa da gida ce ke haifar da wannan sana'a, ya dubi teku. Jirgin fasinja Aureol na kamfanin Elder Dempster, da ya fara zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas a 1951, yakan yi kusan mako biyu a hanya, kuma tufa ba ta jiran a sauka. Manyan jiragen yawon shaƙatawa na yau, da wasunsu ke ɗaukar fasinja sama da 5,000, suna da ɗakin wanki a can ƙasa inda fasinja ba ya leƙawa. Mutum zai zuba kayansa a jaka, ya rubuta adadinsu a takarda, a caje shi kuɗin kowace tufa daban, yadda wankau ke ƙirga riga da wando da hula. Yawancin kamfanonin ma sun hana shiga ɗakin kwana da dutsen guga saboda tsoron gobara. Inji na wanke zannuwan gado ya miƙar da su, amma wuyan riga da hannunta har yanzu sai mutum ya tsaya a kansu. Wannan ya isa amsa ga masu cewa inji zai kashe sana'ar.

A nan gida ma sabon abu bai kori tsoho ba. Tun 1882 Henry Seely ya yi rajistar dutsen guga mai lantarki a Amurka, ga shi na gawayi na nan daram, domin ƙauyuka da dama babu wuta, inda take kuma ba ta da tabbas. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, masu gawayi ba su ajiye aiki ba. Shaddar Getzner kuwa, da ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya da injinan zamani, idan ta sha wanki mabuga ake komar da ita, a Kano ko a Bamako. A jajiberin Salla sana'o'in biyu kan kwana ba barci, nan ƙarar mabugi, can ƙaurin gawayi, yara na tsaye a bakin shago an aiko su karɓar rigar baba kafin asuba.