'Yar Wasa ta Uku: Darasin Gasar Sukwash ta Tawagogin Mata ga Salaga, Yendi da Bawku

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin gasar duniya ta sukwash ta tawagogin mata daga 1979 zuwa 2024. Ta nuna cewa kofin yana zuwa ne ƙasar da ta raini ƙwararru da yawa, ko da wata ƙasar ce ke da gwanar gwanaye. Daga nan ta auna wannan darasi da halin da 'yan matan arewacin Ghana suke ciki, ta kawo hujjar cewa garuruwa irin su Salaga, Yendi da Bawku ne ya kamata a fara ginin tawagar ƙasa daga cikinsu.

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2023, a taronsa na birnin Mumbai, Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince a saka sukwash cikin wasannin da za a yi a Los Angeles a 2028. Hukunci irin wannan yakan sa hukumomin wasanni su shiga cigiyar yarinya ɗaya mai hazaƙa da za su tura waje ta samu horo, ta ɗaga tuta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, idan Ghana ta bi wannan hanya za ta kashe kuɗi ta tashi a tutar babu. Tambayar da ta fi cancanta ita ce: daga waɗanne garuruwa tawagar za ta fito, kuma yara nawa ne za su taɓa riƙe raket kafin a zaɓi uku?

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyu ne ke shiga ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4. Ƙwallon 'yar ƙarama ce ta roba, mai iska a ciki, kuma ba ta tashi sosai sai an ɗumama ta da bugu, shi ya sa 'yan wasa kan fara da jefa wa juna ita na wasu mintuna. Kowane bugu sai ya kai bangon gaba, a saman wani faranti da ke gindin bangon, abokin karawa kuma ya mayar kafin ta dira ƙasa sau biyu. Maki 11 ne zagaye ɗaya, wanda ya riga cin zagaye 3 cikin 5 shi ya yi nasara.

2.0 Abin da Gasar Tawagogi take Aunawa

An fara gasar tawagogin mata a Birmingham a 1979, Birtaniya ta ɗauki kofin farko. Tun daga nan ana yin ta kusan duk bayan shekara biyu, in ban da ta 2020 da annobar korona ta hana. Tsarinta mai sauƙi ne. Kowace ƙasa tana jera 'yan wasanta bisa ƙarfinsu, ta ɗaya ta kara da ta ɗaya, ta biyu da ta biyu, ta uku da ta uku. Ƙasar da ta ci wasa biyu cikin ukun ita ke wucewa.

Jerin waɗanda suka ci kofin gajere ne ƙwarai. Bayan Birtaniya, Ostireliya ta ɗauka sau 9, Ingila sau 7, Masar kuma sau 6. A cikin shekaru 45 babu wata ƙasa da ta kutsa tsakaninsu. Misalin Maleshiya ne ya fi bayyana dalili. Nicol David ta ci kambun duniya na ɗaiɗaiku sau 8, ta riƙe matsayi na ɗaya a duniya kimanin shekaru tara a jere, daga 2006 zuwa 2015. Duk tsawon wannan zamani Maleshiya ba ta ɗauki kofin tawagogi ba. Mafi kusa da ta zo shi ne wasan ƙarshe na 2014 a Kanada, inda Ingila ta doke ta. Gwana komai gwanintarta wasa ɗaya kawai za ta iya ci wa ƙasarta, sauran biyun suna hannun wasu. Hausawa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka wannan gasa ma'auni ce ta zurfin wasan a cikin ƙasa. 'Yar wasa ta uku ba a samun ta da sa'a. Sai an sami gomman 'yan mata masu ƙarfi kusan ɗaya suna gogayya da juna kowane mako, shekara da shekaru, kafin a sami ta uku da za ta iya tsayawa a gaban duniya.

3.0 Yadda Masar ta Kai ga Haka

Turawan Ingila ne suka kai sukwash Masar, kamar yadda suka kai shi Indiya, Najeriya da Ghana. Wasan ya tsiro ne a makarantar Harrow a ƙarni na 19, ya bi hafsoshin soja da ma'aikatan mulkin mallaka zuwa kulob-kulob ɗinsu. Kulob ɗin Gezira da ke Alƙahira, wanda aka kafa a 1882, yana cikin irin waɗannan wurare. Daga cikin 'yan ƙasa, Amr Bey ya ci babbar gasar Birtaniya sau 6 a shekarun 1930, Mahmoud Karim, wanda ya tashi yana yi wa 'yan kulob hidima a Gezira, ya ci sau 4 bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Sabon yunƙuri ya zo a 1996, lokacin da jaridar Al-Ahram ta shirya gasa a cikin ɗakin gilashi a gaban dalar Giza. Wani matashi, Ahmed Barada, ya kai wasan ƙarshe a idon jama'ar ƙasarsa. Iyaye suka ga abin da yaro zai iya zama, suka fara kai 'ya'yansu maza da mata kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariyya. Bayan shekaru 12, a 2008, Omneya Abdel Kawy, Engy Kheirallah da Raneem El Welily suka doke Ingila a Alƙahira, suka ɗauki kofin tawagogin mata, karo na farko ga wata ƙasar Afirka. A 2009 Nour El Sherbini ta ci kambun matasa na duniya tana da shekara 13. A Satumban 2015 Raneem El Welily ta karɓi matsayi na ɗaya daga hannun Nicol David. Masar ta sake ɗaukar kofin tawagogi a 2012, 2016, 2018, 2022 da 2024, a biyun ƙarshe Amurka ta doke a wasan ƙarshe.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, ƙasa ce ta Musulmi mafi rinjaye, wadda iyaye ke kula da tarbiyyar 'ya'ya mata kamar yadda ake yi a zangunanmu, amma hakan bai hana ta zama uwa ma ba da mama a wasan mata ba. Na biyu, tsakanin abin da ya zaburar da iyaye da kofin farko an yi shekaru 12 ana aiki a ɗakunan wasa na unguwanni, da gasannin yara masu yawa, inda ƙanana ke ganin manyan gwanaye suna atisaye a ɗakin da ke kusa da nasu.

4.0 Salaga, Yendi da Bawku

Waɗannan garuruwa uku ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Salaga ce matattarar fataken Gwanja da ke tahowa daga Kano da Katsina neman goro, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa kasuwar, ya sa malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete Krachi. Yendi ita ce fadar Ya-Na, sarkin Dagomba. Bawku kuwa kasuwar kan iyaka ce kusa da Burkina Faso da Togo. A dukkansu akwai zango, kuma Hausa harshe ne na ciniki da makarantar allo.

Sukwash bai zama wasan jama'a a wannan yanki ba, kuma dalilin na tarihi ne. A ƙasashen da Ingila ta mallaka, ɗakunan wasan sun bi barikokin soja, kamfanoni, manyan otal da kulob na masu hali, waɗanda a Ghana kudu suka fi yawa. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin wurin ɗebo leburori don ma'adinai da gonakin koko, ta yi sakaci da iliminta. An kafa makarantar Mfantsipim a Cape Coast a 1876, Achimota a 1927, amma arewa ba ta sami sakandaren gwamnati ba sai 1951 a Tamale. Inda makaranta ta makara, filin wasa da malamin motsa jiki ma sun makara, kuma 'ya mace ce ta fi cutuwa.

Hujjar cewa hazaƙar tana nan ta fito ne daga ƙwallon ƙafa. Tawagar 'yan matan Ghana 'yan ƙasa da shekara 17, Black Maidens, ta zo ta uku a duniya a Azarbaijan a 2012. A 2018 a Urugwai, kyaftin ɗinsu Mukarama Abdulai, haifaffiyar Tamale da ta taso a kulob ɗin Northern Ladies, ta ci ƙwallo 7, ta ɗauki takalmin zinare na gasar. Abin da ya fito da ita shi ne samuwar kulob na mata a garinsu, da gasar ƙasa da kulob ɗin ke bugawa. To amma Tamale babban birni ce mai katafaren filin wasa da aka gina don gasar Afirka ta 2008. Yendi tana da nisan kimanin kilomita 100 daga can, Salaga ta fi haka, Bawku kuwa tana can ƙuryar arewa maso gabas. Yarinyar da ke ɗiban ruwa da asuba, ta tafi boko, ta wuce Islamiyya da la'asar, ba za ta iya zuwa Tamale atisaye ba. Wasan ne zai zo inda take, ko kuwa ta rasa shi. Da yawa daga cikin sa'o'inta ma hanyar kudu suke kamawa, su je dako a kasuwannin Kumasi da Accra tun ba su gama makaranta ba.

Sukwash yana da siffofin da suka dace da wannan hali. Filin da yake ci bai kai murabba'in mita 63 ba, ana iya gina shi a kusurwar harabar makaranta. Mutum biyu sun isa wasa, mutum ɗaya ma yana iya atisaye da bango. Yawanci ana gama karawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Mafi muhimmanci ga iyaye, wasa ne na cikin ɗaki: uwar da ba ta son 'yarta ta yi guje-guje a fili a gaban taron maza tana iya zuwa ta zauna a bayan ɗakin ta gani da idonta, malama mace na koyarwa, yarinyar na sanye da dogon wando da ɗankwali.

5.0 Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa garin da ke fama da ƙarancin ruwan sha da rashin ajujuwa ba shi da bukatar wasan masu kuɗi. Wannan magana tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa yawancin gwanayen Masar 'ya'yan masu rufin asiri ne da iyayensu ke iya biyan kuɗin kulob. Sai dai tsadar ta kulob ce, ginin kansa bulo ne da siminti da filasta mai santsi. Hashim Khan na Pakistan, wanda ya ci gasar Birtaniya sau 7 tsakanin 1951 da 1958, a ɗakunan da ba su da rufi ya koya a Peshawar. Yana yaro aikinsa tsinto wa hafsoshin Ingila ƙwallon da ta tsallake bango, idan sun tashi sai ya shiga ba takalmi ya yi ta bugu shi kaɗai. Abin da ake ci gaba da saye shi ne raket, ƙwallo da takalmi, kuma makaranta na iya mallakarsu yara su riƙa karɓa-karɓa. Zafin watannin Maris da Afrilu matsala ce ta gaske, maganinta dogon rufi mai tagogin iska da yin wasa da sassafe ko da yamma.

Wasu kuma za su ce Bawku, da rikicin sarautar da ya daɗe tsakanin Kusasi da Mamprusi da dokar hana fita da ake yawan sakawa, zaman lafiya take bukata kafin komai. Babu mai gardama a kan haka, kuma wasa ba zai warware rikicin sarauta ba. Amma yaran da ke tasowa a cikin wannan hali suna da haƙƙin ƙuruciya kamar kowa. Wasan da ake yi da rana, a cikin katangar makaranta, wanda ba ya tara dubban 'yan kallo, yana cikin kaɗan da za su iya ɗorewa a irin wannan yanayi. Tawagar makaranta da ta haɗa 'yar Kusasi, 'yar Mamprusi da 'yar zango, kowacce nasararta na rataye da ta 'yar'uwarta, abu ne mai daraja ko da ba a ci kofi ba.

6.0 Kammalawa

Tun daga 2017 karatun babbar sakandare ya zama kyauta a Ghana, abin da ya ƙara yawan 'yan matan da ke zama a makaranta har su kammala. Salaga, Yendi da Bawku kowanne yana da irin waɗannan makarantu. Nan ne wurin farawa: ɗakin wasa biyu a makaranta ɗaya a kowane gari, a buɗe su ga 'yan firamare na unguwa, a horar da malamai mata daga cikin 'yan garin, su koyar da harshen da yara da iyaye ke ji, a kuma tsara gasa tsakanin garuruwan uku da Tamale kowane zangon karatu, a kan tsarin uku da uku na gasar duniya. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992 domin arewa, tana iya ɗaukar nauyin horar da malaman. Hukumar wasanni ta ƙasa, majalisun gundumomi, sarakuna da shugabannin zango kowa yana da rawar da zai taka, musamman wajen shawo kan iyaye.

Wannan aiki ba zai kawo lambar yabo a 2028 ba, kuma bai kamata a yi wa kowa alkawarin haka ba. Masar ta ɗauki shekaru 12 alhali tana da kulob-kulob da tsofaffin gwanaye a hannu. Abin da za a auna shekara-shekara shi ne yawan 'yan matan da ke wasa a kowane gari da yadda tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta goma ke raguwa. Tawagar da ake kira ta ƙasa, idan 'ya'yan unguwanni kaɗan na babban birni kawai ke da damar shigarta, ta tauye haƙƙin sauran 'yan ƙasa, kuma tarihin gasar ya nuna ba za ta yi nisa ba. A wannan al'amari adalci ga 'yan matan arewa da neman nasarar Ghana hanya ɗaya suka bi.